Jeje Ta Karye a Goshin Kaka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da aljihu mai cike da notinan da muka tsinto a gindin dutse, ni Rasaki Shodunke, mai shagon tagogin alminiyam a Ikija ta Abeokuta, nake sanar da ’yan uwa da abokan arziki da ’yan ƙungiyarmu ta masu hawan duwatsu da ƙananan motocin rimot rasuwar Jeje, shasin motata, wato ƙarfen da ke ɗauke da duk jikin motar, wadda na ƙera da hannuna. Ta rasu ranar Asabar da ta wuce da hantsi, a kan dutsen nan na bayan unguwa da muke kira Goshin Kaka, tana da shekara huɗu da wata biyu a duniya. Gida biyu ta karye, a gaban jama’a.

Masu zuwa ta’aziyya suna ta ɗora wa dutse laifi. Na gode da karar da suke yi mini, amma dutse bai yi komai ba. Shekara biyu ke nan hannuna na dama yana rawa, ina ɓoyewa. Injin hudar da ke shagona kuwa shekara talatin da takwas ba wanda ya taɓa shi sai ni. ’Yata Ibiyemi ita ke awo, ita ke yanka, ita ke saka gilashi, kuma ta daɗe tana roƙon in bar mata huda, ina cewa sai ta ƙara girma. Shekararta talatin da ɗaya, da ’ya’ya biyu. Na rubuta wannan a farko ne don kada in kai ƙarshen takarda zuciya ta ba ni shawarar in fasa.

An haifi marigayiya daga ragowar ƙarfen tagar wani mutum da ya canza shawara bayan mun gama yanka. Sanda biyu ne na alminiyam, kowace ba ta kai kamu ɗaya ba. Na zana su a kwali, na yanka da zarto, na goge da magagari har sai da suka yi baka irin na kwale-kwale, sannan na haɗa su da ’yan guntayen ƙarfe a tsakani. Ranar da na fara kai ta dutse, aminina Tiamiyu, tsohon malamin makaranta mai motar da ɗansa ya aiko masa daga ƙasar waje, ya zagaya ta sau biyu ya ce, “Rasaki, ina labulenta? Taga ba labule ai tsiraici ne.” Kafin azahar tagar ta haye inda motarsa ta kwanta rigingine tana wutsil-wutsil da tayoyi. Bai sake tambayar labule ba.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ba ta taɓa gaggawa ba, shi ya sa aka sa mata Jeje, wato “sannu a hankali” da Yarabanci. Idan ta iso gindin dutse sai ta ɗora taya ɗaya, ta tsaya kamar mai neman izini, ta ce “zzziii,” sannan ta jawo sauran jikinta. Ta kasance mai ƙanƙan da kai, domin na sauke mata batir can ƙasa ta gaba, kusa da ƙirji, inda nauyi ya kamata ya zauna. Tana iya murɗa ƙugu har tayar gaba ta kalli gabas ta baya ta kalli yamma, cikinta bai taɓa dutse ba. In ta gaji takan ce “ƙiris, ƙiris,” in ta ji haushi ta ce “gurrr,” amma ban taɓa jin ta yi wa wani rashin kunya ba. Ina son ta ƙwarai, ba na jin kunyar faɗa.

Ciwon ajalinta ya fara ne a hankali. Duk mai wannan wasa ya san idan mota ta kasa wani dutse, sai a matsar da sandunan da ke riƙe da tayoyinta gaba kaɗan ko baya kaɗan, kuma kowane matsi sabon huji yake so a jikin shasi. Da can in na sa alama, nan bakin injin zai sauka. Da hannu ya fara rawa sai huji ya riƙa fita gefe. To mu masu taga huji karkatacce ba ya tayar mana da hankali. Ka huda wani kusa da shi, roba ta rufe na farko, bango ya riƙe sauran, mai gida ya yi shekara ashirin bai sani ba. Haka na yi wa Jeje. Na manta cewa taga a cikin bango take zaune, shasi kuwa ba ta da bangon da zai riƙe ta, ita ke ɗauke da kowa.

Wata safiya Ibiyemi ta shigo shago, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ɗauki marigayiya daga kan tebur ta ɗaga ta saitin ƙofa. Haske ya zubo ta jikinta ya yi mata ɗigo-ɗigo a fuska.

“Baba mi, wannan shasi ce ko rariyar tatar koko?”

“Nauyi nake rage mata,” na ce. “Ba za ki gane ba.”

“To ku ba ni in rage mata guda ɗaya a daidai.”

“Je ki auna tagar cocin nan, suna jira.”

Ta kalli hannuna, na tura shi aljihu. Ta ajiye Jeje a hankali ta ɗauki tef ɗinta ta fita.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne ƙaryar ta yi kasuwa. ’Yan ƙungiya suka ga hujojin, na ce musu sirrin rage nauyi ne, suka yarda, domin wa zai yi musu da wanda motarsa ke gaba? Mutum uku suka je suka huda nasu. Tiamiyu ma ya kawo mini tasa ta ƙasar waje a cikin jakar matarsa, ya rage murya ya ce, “Yi mata irin na Jeje, amma kada ka gaya wa kowa.” Na ce ya bari sai bayan damina. Don haka wannan sanarwa gargaɗi ce kuma: duk wanda ya fara huda ya tsaya haka nan, babu wani sirri.

Ranar Asabar ɗin mun taru kamar kullum, mai sayar da dafaffiyar masara ma ta zo. Goshin Kaka yana da wani tsagi kusa da ƙoli wanda ba motar da ta taɓa tsallakewa, kuma tun ranar Alhamis na ƙara wa Jeje huji biyu saboda shi. Ta hau lafiya lau. Ta sa tayar gaba a tsagin, ta murɗa ƙugu yadda ta saba, mutane suka fara tafi. Ta ce “zzziii.” Ta ce “ƙiris.” Sannan ta ce “ƙwas,” kalmar da ban taɓa ji daga bakinta ba. Gabanta ya tsaya a sama riƙe da dutse, bayanta ya gangaro da kansa har gaban mai masara. Ni kuwa ina tsaye ina ta danna rimot kamar zai canza magana.

Tiamiyu ya cire hula. Ibiyemi ce ta hau ta sauko da rabin saman, ta haɗa da na ƙasan a cikin gyalenta, ta duba inda ya karye. Layin ya bi ta hujoji bakwai a jere, kamar inda ake yage takardar rasit. Na jira ta ce ai ta faɗa. Ba ta ce ba. Sai ta matso yadda ba wanda zai ji ta ce, “Baba mi, kaf garin nan ba mai idonku. Ku ne kuka san inda huji zai zauna. Hannu kawai kuke nema, ga shi kuwa kun haifa.” Na ce ƙura ce ta shiga mini ido, ta ce e, ta ga ƙurar.

Marigayiya ta bar tayoyi huɗu, duka cikin ƙoshin lafiya, da injin guda wanda har yanzu in an taɓa shi yana juyawa shi kaɗai abin tausayi. Ta bar shokozoba huɗu, ɗaya na yoyon mai tun kafin rasuwar. Ta bar batir, wanda muke baƙin cikin sanarwa cewa tun ba a yi kwana uku ba an gan shi a cikin motar Tiamiyu. Ta bar rimot da ni. Ta kuma bar maiɗakina, Iya Yemi, wadda ta karɓi labarin da juriya mai ban mamaki, ta ce, “Allah ya ji ƙanta, yanzu sai a kwashe mini ƙarafa daga kan teburin cin abinci.”

Game da jana’iza, dattawan ƙungiya sun yi zama mai tsawo. Wasu suka ce shekara huɗu yarinya ce, a rufe ta shiru ba kiɗa. Tiamiyu ya ce shasin gida da ta kai huɗu ta ga jikoki, dole a yi mata biki irin na tsofaffi. Aka tsaya a kan biki. Amma suka ce duk tsufanta ni na haife ta, kuma uba ba ya raka abin da ya haifa makwanci, ba ya ma sanin wurin. Na ce wannan ƙarfe ne fa. Suka ce to me ya sa nake kuka.

Saboda haka ga yadda aka tsara. Ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe goma na safe za a taru a gindin Goshin Kaka. Anko shuɗin yadin rini ne na adire, wanda ba shi da shi ya zo da shuɗiyar hula. Kowace mota za ta hau rabin dutsen ta tsaya minti ɗaya, ban da masu hujoji, su an yafe musu. Daga nan Ibiyemi za ta ɗauki gawar zuwa wajen masu zubin tukwane, ba za a gaya mini wanne ba, don kada in riƙa bin ludayan kasuwa ina ƙwanƙwasawa. Za a dawo gidana a ci shinkafar ofada da amala, a nan za a same ni a zaune ina karɓar gaisuwa. Tiamiyu zai dawo da batir kafin a zuba masa abinci.

Ba za a yi zaman makoki ranar Litinin ba, domin akwai aiki. An riga an yanka sabbin sanduna biyu. Da ƙarfe takwas zan sa musu alama da fensir, huji goma sha biyu, ba ƙari. Sannan zan ciro injin huda daga akwatinsa in miƙa wa Ibiyemi da hannu biyu, a gaban duk wanda ya zo. Masu neman taga daga ranar su tambaye ta. Ni ina kujerar gefe, kuma duk wanda ya ga hannuna yana rawa ba sai ya kau da kai ba.