Kallamu da Ba'amurken Gidansu

A Kwarin Gawo an yi wani mutum ana ce masa Kallamu. Ya haura shekara arba'in, ƙato ne, ga ƙarfi ga haƙuri, sai dai duk maganar da aka faɗa masa yadda ta fito haka yake ɗaukarta, ba ragi ba ƙari. In ka ce ya jira ka a nan, ko ruwa aka tsuge da shi a nan za ka dawo ka same shi. Su biyu rak suke zaune da tsohuwarsa, Inna Kyauta, don wansa Haladu ya tafi Brazil aikin yankan kaji tun Kallamu yana saurayi, can ya yi aure, can ya rasu. Kwatsam wata shekara sai ga ɗan Haladu, Ishaƙa, da jaka ɗaya da Hausa rabi-rabi, ya ce ya zo ya zauna ya noma gonar ubansa. Kafin rana ta faɗi gari ya laƙaba masa Ba'amurke.

Saura kwana tara a yi su, wato bikin kamun kifi, a tafkin gari, kuma al'adar Kwarin Gawo, ranar farko ɗan gari kaɗai ke shiga ruwa kamun kifi, baƙo a gaɓa yake tsayawa. Sarkin Ruwa ya aiko cewa Ba'amurke a gaɓa zai tsaya. Ishaƙa ya ce in dai shi baƙo ne a garin ubansa, washegarin su zai koma inda ya fito. Inna ta shiga ɗaki ta sha kukanta. Kallamu ma ransa ya ɓaci, don ya ji daɗin samun mai kiransa Baffa a cikin gida. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne, Ishaƙa ya rantse bai taɓa taka ƙasar da ake ce wa Amurka ba, amma kuma ya ce a Amurka aka haife shi.

Wata rana Inna ta gaji da tambayoyinsa, ta ce ya je wurin Malam Sidi na firamare. Malam ya shimfiɗa taswira, ya nuna masa cewa Amurka yanki ne guda mai ƙasashe fiye da talatin, har da Brazil da Kanada, amma mutanen ƙasa ɗaya ne duniya ta saba kira Amurkawa, kamar gida ɗaya ya kwashe sunan unguwa. Da ya ga Kallamu ya saki baki, sai ya ɗora yatsa a kan teku ya ce, "Ka ga ruwan nan? Duk wanda ke yamma da ruwa a Amurka yake." Wannan kam ta shiga. Kallamu ya fito ya tsallaka rafi zuwa Unguwar Marina, wadda ke yamma da gari, ya bi su karofi-karofi yana cewa, "Sannunku da aiki, Amurkawa." Bai tsaya nan ba, ya shaida musu cewa bana su ma a gaɓa za su tsaya. Kafin la'asar marina goma sha biyu, hannuwa shuɗi, sun cika ƙofar makaranta suna tambayar Malam Sidi wa ya sayar da su ba su sani ba.

Wata rana kuma Ta-Annabi ungozoma ta ji labari, ta kira Kallamu ta ce ya rabu da 'yan boko, garin mutum shi ne inda aka binne cibiyarsa. Kallamu ya ga wannan hanya ce mai sauƙi, sai ya bi gari yana tambayar kowa inda tasa take. Ashe liman a Sudan aka haife shi, lokacin da iyayensa ke kan hanyar Makka da ƙafa. Ashe mai gari a Kumasi, can wajen fataucin goro. Shi kuma Tanko mai nama a bayan mota uwarsa ta sauka, daidai kan iyaka, ita kanta ba ta san ko Nijar ce ko Nijeriya ba. Da aka idar da sallar azahar Kallamu ya miƙa wa liman hannu ya ce, "Sannu, Basudane." Ya juya ya durƙusa gaban mai gari ya ce, "Ranka ya daɗe, mutumin Gana." Tanko ne ya rasa sunan da zai ba shi, sai dai ya ɗaga masa hannu daga nesa cikin tausayi. Mai gari ya aika wa Inna cewa in ɗanta ya ƙara tambayar cibiyar wani, zai gamu da fushinsa.

Wata rana Kallamu ya je aski, ya kwashe damuwarsa ya faɗa wa Jatau wanzami. Jatau, wanda in ya fara tarihi sai an tashi an bar shi, ya ce duk wannan wahala ta zamani ce. A da ba a tambaya, fuska ake duba, zanen Bagobiri daban, na Babarbare daban, kowa da shaidarsa a kumatu. Kallamu ya shafa nasa kumatun. Da rana ta take sai ga shi ya jawo Jatau gida da zabirarsa, wai akwai aiki. Jatau ya zaci kaciya ce ko ƙaho. Sai da suka tsaya kan Ishaƙa yana barcin rana a gindin darbejiya, Kallamu ya danne masa kafaɗu ya ce, "Yi masa irin namu, uku-uku." Ishaƙa ya buɗe ido ya ga aska. Mutumin da ake cewa ba zai iya aikin ƙarfi ba, ranar an gan shi ya tsallake danga ko taɓa ta bai yi ba, Inna tana bin sa da kira, "Angona, dawo, ba mai taɓa ka!"

Ranar su ta zo, Ishaƙa ya riga ya ɗaure jakarsa. Gari ya taru a bakin tafki, kowa da homarsa da gorarsa. Sarkin Ruwa ya ce bari ya ba Kallamu aikin da zai hana shi ɓarna, ya kira shi gaban jama'a ya ce, "Riƙe hannun Ba'amurkenku. Kada ka sake shi sai na ce." Kallamu ya damƙe wuyan hannun ɗan wansa, suka tsaya a gaɓa, Ishaƙa ya sunkuyar da kai don kunya. Can aka buga ganga, sanƙira ya ɗaga murya ya ce duk ɗan gari ya faɗa ruwa. Kallamu ɗan gari ne, an kuma ce kada ya saki, bai ga inda maganganun biyu suka saɓa ba. Ya zabura da gudu, sai ji aka yi tsundum, shi da Ishaƙa har wuya.

Ganga ta tsaya. Dattawa suka koma gefe suna shawara, don a al'ada in baƙo ya shiga ruwa ranar farko su ya ɓaci, sai a tashi a jira baɗi. Ga tarwaɗa tana wasa a idon kowa, ga mata sun riga sun hura wuta a gida. Abu biyu ne ya rage, ko a ce baƙo ya shiga a haƙura da kifin bana, ko a ce wanda ya shiga ba baƙo ba ne. Liman ya yi gyaran murya ya tambayi Ishaƙa sunan ubansa da na kakansa, ya faɗa tiryan-tiryan. Sarkin Ruwa ya daɗe yana kallon ruwan, sannan ya ce shi dai bai ga wani Ba'amurke ba, jikan Kyauta ya gani, a ba shi homa a ci gaba.

Har aka tashi daga su, Sarkin Ruwa ya wuce gida bai tuna da umarninsa ba. Haka Kallamu ya shigo gida riƙe da hannun Ishaƙa, duk sun yi kaca-kaca da laka, da hannu ɗaya-ɗaya suka kama ɗan abin da suka kama. Ya tsaya gaban tsohuwarsa ya ce, "Inna, ba a ce in saki ba. In sake shi?"

Inna ta dubi jakar da ke ɗaure a bakin ƙofa, ta dubi jikanta yana dariya laka na zuba daga gemunsa. Ta share ido da gefen zane ta ce, "A'a, Kallamu. Wannan karon ka yi daidai. Riƙe shi."