Wa Ya Taɓa Talakar Malam?

Idan kana neman mutumin da ya fi kowa tawali'u a makarantarmu ta Katolika, ba sai ka sha wahalar tambaya ba, shi da kansa zai tare ka a bakin ƙofa ya gaya maka. Shi ne malamin darasin adalci da hidimar jama'a, wanda yara suka laƙaba wa Malam Ƙanƙan-da-kai. Ya san da sunan sarai, kuma bai taɓa jin haushinsa ba. Shi a ganinsa shaida ce yara suka ba shi.

Allah ya yi halitta a nan. Dogo ne, mai tumbi daidai misali, da gicciyen katako a ƙirji wanda da za a kafa shi a bangon aji da ya wadatar. A ɗakin malamai shi kaɗai ke da kujera mai taushi, domin a cewarsa nauyin talakawa da ya daɗe yana ɗauka ne ya taɓa masa baya. Ba mu taɓa ganin ya ɗauki abin da ya fi kofin shayi nauyi ba, amma wa ya isa ya yi musu da ciwon bayan bawan Allah?

A aji kuwa, sai wanda ya gani. Yakan rufe ido, ya ɗora hannu a kan gicciyen, ya sassauta murya.

"Yarana, talaka ba abin kallo ba ne, ɗan'uwanku ne. Ni da kuke gani, da na so, da yanzu ina wani ƙaton ofis ana hura mini sanyi. Amma na zaɓi ƙasa. Na zaɓi ƙura. Ku rubuta, na zaɓi ƙura. Kuma in kun yi alheri, kada ku buga ganga. Ku yi shiru, kamar yadda kuka ga ina yi."

Yara su duƙufa su rubuta, domin sun san zai fito a jarrabawa.

To, malamin hidima dole ya kasance da wanda yake yi wa hidima, kuma a nan ma Malam bai gaza ba. Bayan katangar makaranta akwai wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai a ɗaki guda. Da can wanki da guga take yi wa mutane, har ƙafa ta hana ta tsayuwa. Malam yakan ce shi ya gano ta, ko da yake tana wurin tun kafin a gina katangar. A gaban baƙi yana kiranta talakarmu. Idan ya manta kansa sai ya ce talakata.

Kowane zangon karatu sai ya jera yara da tsintsiya da bokitin fenti, mai hoto na biye da su, a nufi gidan tsohuwa. Ita kuwa mace ce mai tsafta da gudun abin kunya, da ta ji baƙi na tafe sai ta share ƙofar ɗakinta tas. Wannan hali nata ya daɗe yana ba Malam wahala, har sai da ya samo mafita: yara su taho da busassun ganye daga makaranta a buhu, a watsa, a share, a ɗauki hoto. Bangon ɗakin kuma an shafa masa fenti har ya yi kauri, ya sha shuɗi, ya sha kore, ya koma shuɗi. Malam yakan riƙe buroshi da yatsu biyu, ya juya fuskarsa wajen haske, da an ji ƙarar kyamara ya miƙa wa na kusa da shi.

Abu ɗaya tsohuwa take roƙo, kuma ba ta taɓa canza shi ba.

"Malam, an gode da fenti, Allah ya saka. Amma ɗakin nan yoyo yake yi. Da za a dubi rufin."

"Iya, kada abin duniya ya dame ki," in ji shi, yana dafa kafaɗarta da hannun da ba ya kusa da fenti. "Ana nan ana nazari."

Nazarin bai da wuyar ganewa. Rufi ba ya fitowa a hoto, kuma talakar da ɗakinta ba ya yoyo rabin talaka ce. Don haka duk damina tsohuwa takan ja gadonta zuwa lungu, ta jera kwanonin cin abincinta a ƙasa suna tarar ruwa, ta zauna a takure har a ɗauke. Duk lokacin da na tuna wannan sai raina ya ɓaci, kuma ba na jin zai daina ɓaci.

Ana nan sai mataimakin shugabar makaranta ya yi ritaya. Sista, wato shugabar makarantar, ta tara mu ta ce Bishop zai zo ya duba ayyukan hidimar da makaranta ke yi, kuma da bakinsa zai faɗi wanda zai hau kujerar. Tun daga ranar Malam ya shiga bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana gaya musu cewa shi ba ya son muƙami. Ya gaya wa malamai, ya gaya wa mai gadi, ya gaya wa direban motar makaranta da bai tambaye shi ba. An kuma gan shi a ofishin mataimakin da babu kowa a ciki yana gwada labulen taga da taƙin hannu, ya ce ƙura yake dubawa.

Shirinsa ya tsaru. Zai kai Bishop ɗakin tsohuwa, ya nuna masa ɓular rufi da hasken rana na ratsowa, ya yi jawabi, muryarsa ta karye a daidai wurin da ya dace, sannan ya yi alkawarin kafa kwamiti. Kukan ma sai da ya gwada shi a gaban madubin banɗakin malamai. Malamar lissafi da ta ji shessheƙa ta ɗauka rasuwa aka yi masa, har ta tsaya a ƙofa tana jiran ta yi masa gaisuwa.

Sai dai akwai hatsari a koya wa yara gaskiya, domin wani lokaci sukan yarda. 'Yan ajin ƙarshe sun daɗe suna jin roƙon tsohuwa, kuma a cikinsu akwai wata yarinya 'yar kafinta. Suka je wajen Sista suka roƙi kwanon rufin da ya rage daga tsohuwar rumfar kekuna, ta ba su. Ranar wata Asabar uban yarinyar ya zo da kayan aikinsa, yara suka yi ta miƙo katako da ƙusa, aka rufe ɗakin tsohuwa ruf. Ba mai hoto, ba jawabi. Ba su gaya wa Malam ba, tunda shi ya koya musu kada su buga ganga.

Ana gobe Bishop zai zo, Malam ya zagaya da yamma don ya duba lafiyar ɓularsa. Ya ɗaga kai ya ga kwano a jere, a ɗame, ko allura ba za ta ratsa ba. Bai tsaya gaida tsohuwa ba, ya juyo makaranta yana haki, ya tarar da 'yan ajin ƙarshe suna gwajin waƙar tarbar baƙo.

"Wa ya taɓa talakata?" ya daka musu tsawa. "Wa ya ba ku izini?"

'Yar kafinta ta miƙe a ladabce. "Malam, ai kai ka ce mu ɗauke ta tamkar kakarmu."

"Ku ji mini yarinya! Hidima tana da tsari! Ana farawa da ziyara, a yi nazari, a wayar da kai, a kafa kwamiti. Haka kawai a wayi gari ku je ku gyara wa mutum ɗaki? Gobe me zan nuna wa Bishop? Kun san shekarun da na yi ina rainon wannan talaucin?"

Wani yaro a baya ya tambaya ko wannan ma a rubuta.

Malam bai yi ƙasa a gwiwa ba. Ya shiga unguwa neman wani talakan na gaggawa, amma talakawan unguwar sun san shi, wani ma da ya hango gicciyen sai ya saki karensa. Ya je wajen kafinta ya roƙe shi ya cire falle biyu na kwanon na yini ɗaya kacal, kafinta ya dube shi sama da ƙasa ya ci gaba da fiƙe katakonsa. Daga ƙarshe ya koma wajen tsohuwa da murmushinsa na hoto.

"Iya, aron ɓula za ki ba mu. Falle biyu kawai, zuwa gobe da yamma. Don amfanin talakawa baki ɗaya ne."

Tsohuwa ta dubi gabas, inda gari ya fara haɗe rai. "Ɗana, ba ka ga hadari ba? Na fara barci a kan gadona ke nan. A'a."

"Bangaskiya, Iya, bangaskiya," in ji Malam, ya tafi yana girgiza kai don takaicin yadda son duniya ya kama tsofaffin yanzu.

Washegari da sassafe tarihi ya kafu, domin Malam Ƙanƙan-da-kai ya yi aiki da hannunsa. Ya saɓo tsanin makaranta, ciwon baya ya tafi hutu, ya tuɓe kwat ya rataye a katanga, ya hau rufin da hama. Ya yi ta fama da ƙusoshi yana zarewa, kwano ya yage masa hannun riga, zufa ta wanke shi. Ƙarar ce ta fito da tsohuwa. Ta tsaya riƙe da sandarta tana kallon sama ta cikin ɗakinta.

"Malam, me na yi maka?" ta ce.

Shi kuwa ya riga ya ɗaga fallen farko yana kokawa da na biyu.

Abin da bai sani ba shi ne Bishop tsoho ne mai sammako, kuma waƙoƙin tarba sun ishe shi. Ya iso tun yara ba su gama jera kujeru ba, ya ce wa Sista ta kai shi wurin aikin kai tsaye. Suka zagayo katanga, malamai da ɗalibai na biye, sai ga malamin hidima a kan rufin talaka, riga a yage, hama a hannu, ba mai hoto ko ɗaya a kusa. Bishop ya tsaya cak, idonsa ya ciko.

Sista ta dubi kwanon da ta san inda ya fito, ta dubi Malam, ta dubi tsohuwa, ta naɗe hannuwanta.

"Mama," in ji Bishop, "tun yaushe yake wannan aiki?"

Malam ya leƙo daga sama ya yi tsuru-tsuru. Tsohuwa ta ɗaga kai ta dube shi, ta daɗe tana dubansa, sannan ta share idonta da gefen zani.

"Tun gari bai gama wayewa ba, ranka ya daɗe. Ya rantse ba zai sauko ba sai ya ga ko ɗigo ba ya shiga." Ta juya wajen 'yan ajin ƙarshe. "Jikokina, ku janye tsanin nan, kada ya faɗo wa babban baƙo."

Yara suka janye tsani da saurin da ba su taɓa yin wani aikin hidima da shi ba. Malam ya gyara murya, ya laluba gicciyensa.

"Mai girma, ni ba kowa ba ne, ƙura ce kawai a ƙarƙashin..."

"Ci gaba da aikinka, ɗana, kada in katse ka," in ji Bishop. Aka kawo masa kujera ya zauna don ya ƙare wa abin kallo.

Haka Malam ya shiga mayar da abin da ya cire. Ya cika bakinsa da ƙusoshi don hannu bai isa ba, ya buga ta farko ta lanƙwashe, ya buga ta biyu ya samu babban yatsansa. Wata kalma ta taso masa wadda ba a faɗa a gaban Bishop, ya haɗiye ta. Iska ta fara kaɗawa, kwano na ƙara, shi kuma yana rarrafe a kai da gwiwoyin wandon da ya sha guga don wannan rana.

Bishop ya miƙe, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Sista, da niyyar ba wa wannan bawan Allah kujerar mataimaki na zo, domin labarinsa ya cika mini kunne, yawanci ma daga bakinsa. Amma yanzu na ga na kusa yin kuskure. Zunubi ne a kulle irin wannan mutum a ofis. A ba malamar lissafi kujerar. Shi kuwa a saya masa tsani nasa na kansa. Na ga rufi masu yoyo da yawa a hanyata ta zuwa, duk Asabar ya ɗauki ɗaya, kuma zan riƙa tambaya."

Wuri ya kaure da tafi. Malam ya buɗe ido ya rufe, ya so ya yi magana, amma bakinsa cike yake da ƙusa. Ɗigon farko ya faɗo masa a ƙeya. Tsohuwa ta shiga ɗakinta ta duba sama, ta leƙo ta ƙofa.

"Malam, yi sauri. Saura ɓular da ke saitin gadona."