Mutumin da Aka Fi Nema a Jalingo

Lokacin da aka yi wa oganmu, Alhaji Hammanjoda, canjin wurin aiki, ni sabon akawu ne. Da aka tambayi wanda zai yi jawabin bankwana da Turanci, na ɗaga hannu tun kafin a rufe baki. Ai na san ƙa'idar: in mutum ya fi kowa, ka sa masa "most" a gaba, shi ke nan.

So nake in ce shi ne wanda aka fi so, kuma "so" a Turanci ai "want" ne. Ranar walimar bankwanar, na miƙe cikin babbar rigar aro, na gyara murya, na nuna shi, na ce, "Alhaji is the most wanted man in Jalingo."

Zamanin soja ne, ga kuma babban ɗan sanda a kujerar gaba. Wuri ya yi tsit. Na ɗauka daɗin maganar ne ya kama su, sai na maimaita da ƙarfi. Madam Rifkatu mai tafireta ta jawo rigata, ta raɗa min cewa ɗan fashin da ake nema ake kira haka.

Alhaji, Allah ya saka masa da alheri, ya tashi ya miƙa wa ɗan sandan hannuwa biyu, ya ce, "Yallaɓai, ga ni, amma a bari in ci shinkafata tukuna." Dariya ta ɓarke, har Alhaji ya zo ya rungume ni.

Har yau in na ratsa unguwar Barade, tsofaffin abokan aiki sukan tare ni da, "Mos Wanted, an kama Alhajin kuwa?"