Fosta a Ƙofar Mai Gyaran Rediyo

"Lafiya lau, sai dai kunnena da kika zo cikawa," in ji tsohon, bai ko ɗago daga rediyon da ya farke wa ciki ba.

Shagonsa ɗan ƙarami ne, kullum cikin warin dalma, ga rediyoyin da masu su suka rasu ba su karɓa ba jere a kan kanta. Jikarsa, malamar firamare, ya aika ta sayo batir, sai ga ta da naɗin fosta a hammata. Takarar kansila ta fito, ubanta kuwa ya ce ba da yawunsa ba.

"Ina saƙona, uwargida?"

"Ga shi, angon da ba haƙori. Ga kuma hotona, a ƙofarka zan manna."

"Wannan fuskar? Ko ɓera ya gani sai ya yi ƙaura."

"Ai na taimake ka ke nan, ɓerayen sun fi masu kawo gyara yawa."

"Wace jam'iyya ce ma? Ta jiya ko ta yau da safe? 'Yan siyasarku sun fi hawainiya. Mutum ya kwanta da jar hula, ya tashi da koriya."

"Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ku kuka haife su."

"Kul. Mu a keke muke zuwa taro, cikinmu ba komai sai ra'ayi. Ba wanda ya raba mana sabulu. Kulki na sha don na ce ɗan talaka ma ya shiga aji. Ni kaɗai na kori 'yan sanda mota guda."

"Bara ka ce su biyu ne, kuma kai ka fara zurawa."

"Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne."

"To ajin da ka sha kulki dominsa, yau rufinsa ya yaye. Da hadari ya haɗo sai in sallami yara. Abin da ya fito da ni ke nan."

Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya dube ta ta saman tabarau.

"Ubanki ya ce siyasa ba ta mata ba ce."

"A bakin wa ya ji? Kuna kan dandamali kuna ta 'yanci 'yanci, wa kuka bari a bakin murhu?"

Tsohon ya cire tabarau ya aje kan tebur.

"Kakarki, Allah ya ji ƙanta. Duk jawabin da aka tafa min, a bakinta na tsince shi tana wanke-wanke. Ranar da aka kama ni, ita ta tara matan layi suka zauna ƙofar caji ofis har aka sako ni. Ba wanda ya taɓa ce mata hau ki yi magana. Har da ni."

"Ashe satar jawabi tsohuwar sana'a ce."

Ya yi dariya har da tari. Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo wata tsohuwar lasifika, bakinta a lotse, ya goge ta da gefen rigarsa.

"Ungo, har yanzu tana amo. Hoton kuma manna shi sama, inda ubanki zai gani in ya zo gaishe ni. In yana da magana ya faɗa wa nasa uban."

"Ƙuri'arka fa, ango?"

"Ta kakarki ce, mummuna. Ke dai karɓar mata za ki yi."