Ranar da Dattawan Tozai Sunka Kunna Muryata a Zaure

Shekarar ta yi wuya, ba ni da abin da za ni ƙara a kai. Ruwa ya sauka da wuri, munka yi shuka, gero ya kawo gwiwa, sai sama ta ɗauke kamar an rufe famfo. Munka sake shuka, ita ma ta ƙone. An yi ta fita roƙon ruwa har takalmina ya tsinke a hanyar filin idi. Duk wanga ina iya mantawa da shi, don fari ba baƙo ba ne a Isa. Abin da ba za ni manta ba, ko da na so, shi ne ranar da dattawa sunka zauna a zauren gidanmu suna sauraren muryata tana kwaikwayon ƙarar takobi.

Manomin da gona ta sallame shi abin tausayi ne. Ka tafi da safe ka duba gero, ganye ya naɗe, ka dawo. Ka koma da marece, shina nan yadda ka bar shi. Cikin zaman banzan nan na kai wayata caji shagon Bello, bakin tasha, na iske samari sun haɗa kai a kan waya guda. Na zaci ƙwallo ne. Ashe labaran zane ne na Japan, hoto bayan hoto, maganar mutane a rubuce cikin wasu 'yan ƙwai-ƙwai bisa kawunansu. Na cika Bello da tambaya, ya tura mani guda don ya huta.

Ni boko aji uku na yi na gudu. Turancin da ke cikin ƙwai-ƙwan nan ban san shi ba, shi ma bai san ni ba. Amma hoto ba ya son malami. Kuma daga dama ake fara shi a nufi hagu, kamar allo, sai na shige cikinshi kamar gonar ubana. (Wanga abu shi ya kumbura mani kai, har na fara ganin kaina wani masani.)

Da Bello ya ga na kamu, ya jefa ni cikin wani gurup na waya inda masu karanta zane ke gardama. Akwai 'yan Isa, akwai na Turba, har da na Sabon Birni, kowa da sunan da ya laƙa ma kanshi. Su rubutu suke yi. Ni babban yatsana na fartanya ne, don haka murya nake turawa, kuma ba guda nake turawa ba, jerawa nake yi har sai numfashi ya ƙare. Gurup ɗin ya rabu biyu: 'yan Japan da 'yan Koriya. Ba a daɗe ba na zama limamin 'yan Japan ba tare da kowa ya naɗa ni ba.

Hujjata a fili take. Yaron Japan talaka yake farawa. Ya sha duka, ya faɗi, ya tashi, ya koma wajen wani tsoho ya yi ta wahala kafin ya iya abu. Wannan rayuwa ce, manomi ya san ta. Kuma mai zanen ba ya ha'inci: in ya zana igiya, ka ga yadda anka tufka ta. Na Koriya fa? Kowa fuska guda, dogon haɓa, leɓe kamar an shafa man shanu. Yaro ya kwanta rago ya tashi ya fi kowa ƙarfi, ba gumi ba komai. In ba haka ba, ɗan mai kuɗi ne tsaye cikin ruwan sama yana kallon yarinya, ka yi ta jan yatsa ƙasa, fari fat, caji na ƙonewa, bai ce komai ba.

Akwai mutum guda da ya tsaya mani a maƙogwaro, wani mai kiran kanshi Mai Haƙuri. Shi bai taɓa tura murya ba. Rubutu yake yi, kuma kullum da ladabi yake farawa: Baba, Allah ya ƙara girma, amma. Wannan "amma" ita ke hana ni cin tuwo. Ya ce na Japan naushi guda sai a kwashe mako ana kai shi. Ya ce labarin ba ya ƙarewa, mai zanen na iya tsufa ya bar ka a tsakiyar faɗa. Ya ce hotunan a cushe suke, sai ka buɗa da yatsa biyu, kowa kuma ihu yake yi ko ruwa zai roƙa. Ya ce na Koriya don waya anka yi shi, ga launi, kuma sun iya zana shiru, sun iya zana uwa tana zuba ma ɗanta abinci. Ya kuma tambaye ni, cikin ladabin nan nashi, ko a Japan yadi tsada gare shi, tunda tufafin 'yan matan ba su kai ko'ina ba. (Gaskiya ya faɗa. Ni ma wuraren nan da sauri nake wucewa, ina istigfari.)

Yanzu bari in kawo maganar gida. Ina da ɗiya, ita ce ta fari, don haka ba za ku ji sunanta a bakina ba. A lokacin an riga an yi gaisuwa, an ba da ita ga wani tela mai suna Lawali, ɗan Tozai, mai shago a kasuwar Isa. Yaro ne natsattse, ita ma tana son shi. Amma ni ban san muryarshi ba. In ya hango ni, daga nesa yake tuɓe takalmi ya tsuguna, ya yi wani gunguni a ƙasa, ni ma in kalli gefe in amsa da gunguni. In ya samu lungu, shigewa yake yi kafin mu haɗu. Haka suruki na gari yake, kuma ina alfahari da shi.

Ranar kasuwa na kai tunkiyata na sayar a wulaƙance, don ba abin da za ni ba ta. Na dawo zuciya a tafashe, na buɗe waya, na iske Mai Haƙuri ya sake wata "amma". Tau, na danna na riƙe. Na faɗi abin da na faɗi, na jera wasu bayanta, na ji sanyi a raina, na je na yi alwala.

Daga ranar Mai Haƙuri bai sake rubutu ba. Na ɗauka na kayar da shi. Daga ranar kuma Lawali bai sake zuwa zance ba, amma ni ban haɗa biyun ba. Yarinyar nan ta daina dariya. Ta share tsakar gida, ta sake sharewa, tuwonta ya kwana a kwano. Uwarta ta tsare ni tana tambaya mi na yi ma yaron mutane. Na rantse mata ko kalma guda ba ta taɓa haɗa ni da shi ba. Har ga Allah a lokacin gaskiya nake faɗi.

Sai ga saƙo wajen yayana Nomau, wanda auren ke hannunshi, cewa mutanen Tozai na tafe. Sunka iso da hantsi, rana ta riga ta fara cizo. Babbansu Baffa Dikko ne, kawun Lawali, dogon tsoho mai shanu, wanda farin nan ya riga ya ci mashi rabin garke. Yaya Nomau ya kira limamin unguwarmu. Anka shimfiɗa tabarmi a zaure, anka kira ni. Lawali shina waje, bayan katanga, gindin dogonyaro, don ba ya shiga inda nake.

Bayan gaisuwa da jajen fari, Baffa Dikko ya ce sun zo ne su ji laifin ɗansu. In sata ya yi a faɗa masu, in shaye-shaye ne a faɗa masu. Yaro ya ce uban yarinya ya janye, kuma a gaban jama'a ya faɗa. Na ce ni? Yaushe? Sai tsohon ya laluba aljihu ya fito da waya, ya riƙe ta nesa da jiki kamar mai riƙon kunama.

"Lawali ya turo mani, ya ce in danna nan."

Ya danna. Muryata ta cika zaure.

"Kai Mai Haƙuri, ka saurare ni da kyau. Duk namijin da ke karanta na Koriya, wallahi ko akuyata ba ni ba shi kiwo, balle ɗiyata."

Da a nan ta tsaya, da na ce Allah ya rufa asiri. Amma waya in ta gama murya guda sai ta kama ta bayanta. Baffa Dikko bai san inda ake kashewa ba. Wanda ya sani shina bayan katanga, kunya ta hana shi shigowa. Ni kuma ban isa in fizge waya a hannun dattijo ba. Sai ga ni ina bayanin yadda jarumin Japan ke zare takobi, har da ƙarar: shuuu, ƙwal, tsit. Sau da yawa na yi ta, don a gane. Yaya Nomau ya sunkuyar da kai yana tsintar zaren tabarma.

Ta ƙarshen ita ta kashe ni. Muryata ce tana rawa, ina cewa tsohon nan bai cancanci irin wagga mutuwa ba, mutumin da ya raini maraya, ya koya mashi komai, ya mutu shi kaɗai a kan dutse ba ko mai ba shi ruwa. Har ana jin ina jan hanci.

Liman ya yi salati a hankali, ya ɗaga hannuwa. "Allah shi gafarta mashi. Wane gari ne? Ba mu ji rasuwar ba."

Dattawan Tozai su ma sunka ɗaga hannuwa.

"Malam," na ce, ina kallon ƙasa, "zane ne."

 Sai na ji kukan akuya a cikin gida, na yi fatan ni ne ita.

Baffa Dikko bai yi dariya ba. Ya ce sun baro dabbobi ba ruwa sunka zo, don haka ba za su koma ba sai sun ga wanga Koriya da ke raba aure. Dole na fito da wayata. Na nuna mashi na Japan tukuna, ina fatan ya ga ƙoƙarin. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya ga baƙi da fari ne kawai, ya tambaya ko su waɗanga ba su da kuɗin fenti ne. Daga nan ya ce a nuna mashi ɗayan. Na buɗe.

"Tsaya," in ji Yaya Nomau. "Kai da ka ce ba na maza ba ne, mi ya kawo shi wayarka?"

Na ce don in gano aibinshi na karɓa. (Wani ne da Mai Haƙuri ya taɓa yabawa, labarin wani tsoho mai gonar shinkafa da ɗiyarshi guda za ta yi aure a birni. Aibin da na gano shi ne Bello rabi ya tura mani.)

Baffa Dikko ya karɓa. Na nuna mashi yadda ake jan yatsa. Ya faɗa daidai inda ruwa ke sauka a kan gonar, kore shar, ɗigo na bin ɗigo. Ya ja, ruwa bai ƙare ba. Ya sake ja, ruwa na ta zuba har ya taru tsakanin kunyoyin gonar. Sauran dattawan sunka matso.  Can Baffa Dikko ya ce, kamar da kanshi yake, "Su haka Allah ya ba su." Liman ya ce Allah shi ba mu mu ma, anka shafa, wannan karon da dalili.

Baffa Dikko ya miƙo mani wayar, ya ce shi dai bai ga laifin mai kallon ruwa a shekara irin wagga ba. Yaya Nomau ya ce aure na nan daram, ba ni ke bayarwa ba balle in hana. Amma tunda a gaban jama'a na yi maganar, a gabansu za ni janye ta, yanzu. Haka na danna na riƙe, dattawa na kallona, na ce a shaida na ba Mai Haƙuri akuya, na ba shi ɗiya. Daga bayan katanga munka ji waya ta yi ƙara, alamar saƙo ya isa. A nan ne tsohon ya fashe da dariya har rawaninshi ya kwance.

Da na shiga gida, uwar yara ba ta ce mani komai ba sai, "Sannu, mai takobi." Yarinyar nan kuwa ta cinye tuwonta har ta nemi ƙari.

Abin da na koya bai da yawa. Ashe tun muryar farko yaron ya gane ni, ya yi ta ce mani Baba, ni ina zaton ladabin banza ne. Kunya ta hana shi magana a gabana, ba ta hana shi kayar da ni a rubuce ba. In za ka buɗe baki a zauren da ba ka ganin fuskoki, ka ɗauka surukinka na tsugune a ciki.

Washegari da safe ban je duba gero ba. Na nufi kasuwa, shagon Lawali. Yana hango ni ya diro daga kan keken ɗinki ya shige bayan labulen atamfa. Na tsaya a ƙofa, na ba shagon baya, na miƙa hannu na ajiye wayata a kan teburin keke. Da titi na yi magana.

"A gaya ma mai shagon nan, labarin tsohon can mai shinkafa ya tsaya inda ya raka ɗiyarshi tasha. A tura saura."

Na ji hannu ya fito ya ɗauki wayar. Sai wata murya ƙasa-ƙasa, wadda ranar na fara jin ta sosai.

"Baba, Allah ya ƙara girma, amma akwai kuka a ƙarshen."

"Ba a tambaye ka ba."

Na gyara hulata, na tsaya ina kallon sama har ya gama turawa.