Ranar Da Na Kai Ƙarar Motar Gona

Ba zan taɓa mantawa da ranar da masu motocin gona suka taru a wurin aikinmu ba, kuma tun da labarin ya riga ya zaga unguwarmu ta Hayyin Ashir a karkace, gara in faɗe shi da bakina. Masu cewa larabcina ne ya ba ni kunya sun yi kuskure. Masu cewa na buge baƙo da mota su ma ba su san zancen ba. Ban buge kowa ba (a ranar dai), larabcina kuwa ya fita tsaf, babu kalmar da ba ta isa kunnen jama'a ba. Da ma ya sarƙe mini ne, da na huta.

A 2013 ne, lokacin da ake fama da dogon layin mai a Alƙahira. Ina zaune wurin yayata da mijinta mai karatun addini. Na gama sakandare a Zariya na zo taya ta raino, yara suka shiga makaranta, zaman ɗaki ya ishe ni. Maƙwabcinmu Baba Idris ne ya samo mini aiki. Bahaushen Sudan ne, dattijo marar yawan magana, shi ke kula da ma'aikata a wata gonar rainon furanni da itatuwa a hanyar Isma'iliyya. Mai gonar Bamisriya ce, kowa Madam yake ce mata, ba ta ɗaga murya kuma ba ta maimaita magana.

Aikina na farko cika leda da ƙasa. Ki tsuguna tun safe har la'asar, ki ɗebo ƙasa da taki ki ɗura a baƙar leda, ki ajiye, ki ɗauki wata. Wata huɗu na yi ina wannan, har na fara mafarkin leda. Shi ya sa da direban motar gonar ya bar aiki, na manne wa Baba Idris sai da ya koya mini tuƙi.

Ga wanda bai san motar ba: kamar 'yar ƙurƙura take amma mai taya huɗu, kujeru biyu gefe da gefe, akwatin ɗaukar kaya a baya. Ba ƙofa, ba gilashi, rufin ma ɗan leda ne. Da ita ake kai tukwane da buhunan taki daga wannan rumfa zuwa waccan. Ranar da Madam ta miƙo mini mukulli magana ɗaya ta yi: in na fasa mata tukunya ko na taka shuka, in koma leda. Na ce tamam, na yarda.

Matsalata ita ce ba ni da haƙuri. A gidanmu ma an sani, ni ce mai buɗe tukunya sau biyar kafin shinkafa ta nuna. A makon farko na sha kwanar tankin ruwa da gudu, farantan dashen furen yasmin guda shida suka zube daga baya. A mako na uku na ɗauke sandar rumfa, inuwar ta faɗo kan 'yan itatuwan lemo. Duk biyun Madam ba ta nan. Duk biyun Baba Idris ya tsuguna ya kwashe, ya sake dasawa, ya miƙe sandar, bai faɗa wa kowa ba. Abin da ya ce mini kawai, in riƙa bi a hankali. Na ce to, Baba. Ban bi ba.

Ba a jima ba sai motar ta kamu da ciwo. In taka totur har ƙarshe, ta riƙa jan jiki kamar mai tsohon ciki. Ma'aikaci mai baro ma yakan jera da ni muna tafe yana ba ni labari. Na kai ƙara wurin Baba Idris, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ci gaba da yankan reshe. Da yamma in shi ya hau nakan hango ta tana tafiya garau, sai in ce ai don ba kaya ne, ko kuwa gangara ce. (Gonar nan shimfiɗe take kamar faifai, babu gangarar da ta kai ta tabarma.) Wata biyu na yi ina zagin motar da masu ƙera ta.

Sai Madam ta sanar cewa kamfanin da ke shigo da irin motar zai turo injiniyansa, yana so ya ji abin da masu amfani da ita suke so a gyara a sabon samfuri. A gonarmu za a taru saboda akwai fili. An ce ni da Baba Idris mu zauna a baya, ko za a yi tambayar da sai mai tuƙi zai amsa. Na kwana biyu ina shirya jawabi a cikin mikrobas, 'yar bas ɗin da nake hawa zuwa aiki, ina gyara larabcina kamar mai shirin jarrabawa.

Ranar aka jera kujeru a ƙarƙashin babbar rumfa, aka kawo shayi. Mutum kamar goma sha biyu ne suka zo. Injiniyan matashi ne mai tabarau da littafin rubutu, kowa na ce masa Bashmuhandis, wato babban injiniya. Kuma gaskiya mutanen nan sun zo da maganganun hankali. Mai gidan dawaki ya ce a sa gilashi da ƙofa, don ƙurar da suke sha ta fi ta dawakin. Wani ƙaton mutum mai gonar kaji ya ce ƙarar injin tana firgita masa kaji har su rage ƙwai, a rage ta. Wani ya ce a rage mata shan mai, tun da yanzu samun sa sai an yi yini a layi. Da wani mai otel ya ce a kawo ta lantarki, aka tambaye shi da wace wutar zai yi caji, aka yi dariya. Madam ta ce akwatin baya ya riƙa ɗagawa ya juye kaya da kansa, ba sai ƙarti biyu sun taru suna nishi ba, kuma a daina sa mutum jiran wata guda kan bel ɗin inji ɗaya. Baba Idris da aka tambaye shi ya ce injin da ke ƙarƙashin kujera yana gasa mutum da rani, a sa wani abu tsakani.

Ni ma fa ina da maganganun hankali. Kujerar ba ta matsowa gaba, gajere sai ya zauna a bakin-baki. Rashin ƙofa yana sa gefen abaya ya riƙa lilo kusa da taya, wanda mace ce kawai za ta lura da shi, kuma ni kaɗai ce mace mai tuƙi a wurin. Da waɗannan na faɗa na zauna, da yau ana tuna ni da alheri.

Ba a ma kira ni ba na miƙe. Na ce duk abin da aka faɗa ado ne, babbar matsalar motar nan ita ce ba ta da ƙarfi. Na ce wata biyu kawai take yi ta mutu a tsaye. Na ce jakin mai kwasar shara na unguwarmu zai wuce ta ya dawo ya same ta. Na ce kafin su sa mata gilashi su fara sa mata inji, kuma duk wanda ya ƙera ta bai taɓa aikin gona ba. Na ga Baba Idris yana kallon ƙasa yana murza carbi, na ɗauka kunyar manyan mutane ce irin ta tsofaffi. Har da juyawa na yi na ce masa ya ba da shaida.

Injiniyan ya daina rubutu. Cikin ladabi ya ce bai taɓa jin wannan ƙorafi ba, ko zan nuna masa motar? Na ce yalla, mu je. Ni ce a gaba, mutum goma sha biyu a bayana riƙe da kofunan shayi, ina tafe kamar wadda za ta nuna wa 'yan sanda gidan ɓarawo.

Ya hau ya tayar, ya saurari injin, ya ce lafiyarsa ƙalau. Ya taka totur, ya ɗaure fuska, ya sake takawa. Sai ya kashe ta ya sauko, ya durƙusa, ya ɗaga robar da ke shimfiɗe a wurin ƙafa, ya zura hannu. Abin da ya zaro wani guntun katako ne, an fere shi tsaf daidai ƙasan totur, an shafa masa baƙin fenti, har da ɗan zaren ratayewa. Wata biyu ina taka katako da duk ƙarfina. Roba ta rufe wurin, abayata ta rufe ƙafata, ni kuma ban taɓa sunkuyawa na duba ba.

Kuma na san katakon. Ni na danne shi da hannuna ranar da Baba Idris yake yanka shi da zarto, har ina ce masa ya yi sauri. Na ɗauka na tokare ƙofar sito ne.

Mai hankali a nan zai yi shiru. Ni kuwa sai na ɗaga murya na tambaya, da larabcin nan nawa mai kyau, wane mugu ne ya sa wannan. Baba Idris ya ɗaga hannu kamar ɗan aji ɗaya. Ya ce shi ne, kullum da safe yake sawa kafin in iso, da yamma ya cire. Madam ta ajiye kofinta a kan akwatin motar ta tambaye shi dalili. Dattijon nan ba ya ƙarya, kuma bai so ya tona ni. Sai ya juyo ya ce mini da Hausa, a hankali:

"'Yata, ke za ki faɗa ko ni?"

Ni na faɗa. A gaban kowa na lissafa farantan yasmin, na lissafa sandar rumfa da itatuwan lemo. Mai gonar kaji ya tambaya ko shi ke nan, sai na tuna da ranar da na tsinka tiyon ban ruwa, wanda Baba Idris ma bai sani ba, na ƙara da shi. Ban san abin da ya sa ba. In bakina ya buɗe ba shi da birki.

Sai mai gonar kajin ya fashe da dariya har shayi ya zubo masa a riga. Ya karɓi katakon yana jujjuya shi, ya ce wallahi wannan ne abin da yake nema shekara biyu, ma'aikatansa sun kashe masa kaji da gudu sun fi cuta. Mai gidan dawaki ya ce shi ma. Mai otel ya ce nasa direbobin har tsere suke yi. Katako ya riƙa yawo hannu zuwa hannu, injiniya yana rubutu da sauri: a sa wa sabuwar mota abin da mai ita zai ƙayyade gudunta, in da hali kowane direba da nasa mukulli da nasa iyaka. Ya ce cikin duk abin da aka faɗa wannan ne kowa ya yarda da shi baki ɗaya. Sannan ya juyo ya yi mini godiya. Da gaske yake, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Mutum uku suka roƙi Baba Idris ya fere musu irinsa kafin sabuwar ta iso.

Da baƙi suka watse Madam ta kira mu ofis. Na cire mukullin daga wuyana na ajiye a tebur tun kafin ta nema, ina jin warin taki da leda a hancina. Amma ba ni ta fara kallo ba, Baba Idris ta kalla. Ta ce shekara tara yana tare da ita bai taɓa ɓoye mata komai ba sai a kaina. Tsohon ya sunkuyar da kai. Wannan ya fi mini taron ciwo. Na ce Madam, laifin nawa ne, sau biyu ya gargaɗe ni ban ji ba, in akwai hukunci ni za a yi wa. Ta daɗe tana kallona.

"Sati biyu a leda," ta ce. "Bayan nan mota ta katako ce, ke kina raka shi ne. Ranar da na gan ki babu shi, khalas, aikinki ya ƙare."

A mikrobas ɗin komawa na zauna kusa da Baba Idris. Na ba shi haƙuri, ya ce ma'alish, ba komai, ya wuce. Na tambaye shi me ya sa bai faɗa mini kawai ba. Ya ce ya faɗa sau biyu da baki, sai ya ga katako ya fi shi iya Hausa. Sannan ya ce in na yi mako ban taɓa komai ba, zai riƙa kankare masa kaɗan kowace Alhamis, kamar kaurin farce. Na auna kaurin katakon a raina, na ga sai mun kai wata sallar.

Abin da na koya bai da yawa. Kafin ki miƙe a gaban mutane ki ce abu ya lalace, ki fara tattare abayarki ki duba ƙarƙashin ƙafarki. In kuma kika ga dattijo yana murza carbi yana kallon ƙasa alhali kina tsakiyar jawabi, ki nemi kujera.

Na yi sati biyuna a leda ban ce komai ba, wanda yayata ta ce shi ne abin mamakin da ya fi duka. A daren ƙarshe na rubuta maganar kujera da ta gefen abaya a takarda, don Madam ta aika wa injiniyan, tun da su gaskiya ne ko da bakina ya ɓata su. Katakon kuwa na yanke shawarar karɓo shi daga hannun Baba Idris in ɗaura shi a jikin mukullina. In dai sai an tokare ni, gara in riƙa durƙusawa da kaina kowace safiya, ba tsoho mai ciwon gwiwa ba.