Yadda Ake Burge Suruki da Ɗigo Uku

Kana neman aure a gidan malamai, kuma karatunka bai yi nisa ba? Bi matakan nan, tabbas sai mai gida ya yaba maka a gaban jama'a. Abokina Kamilu ya gwada su a Kusada, wajen Malam Jaji, mahaifin budurwarsa Adawiyya.

1. Cika baki tun kafin ka duba

Idan tsohon ya fiddo waƙar kakansa ta ajami, ya ce yana son a sa ta a waya saboda jikoki, ka ce, "Baba, ai wannan kamar shan ruwa ne." Mai tambaya ba ya kama da masani.

2. Girmama ɗigon

A ƙarshen kowane baiti akwai ɗigo uku, biyu a ƙasa, ɗaya a sama. Malam Jaji ya ɗora yatsa a kansu ya ce, "Nan mai waƙa ke numfasawa. In ka yar da su, ka shaƙe mani kaka." Ka gyaɗa kai a hankali.

3. Sulale zuwa Kankia

Ka hau acaɓa zuwa shagon Oge mai buga takardu. Za ta lalubo alamar, ta fito ras a kwamfutarta. Kowace alama tana da lambarta a na'ura, amma ba kowace waya ce ta san fuskarta ba. Wannan kada ya dame ka tukuna.

4. Idan akwati ya fito, kada ka yi gumi

Da Kamilu ya tura waƙar tsohuwar wayar Malam, kowane baiti ya ƙare da ɗan akwati, wayam, a madadin ɗigon.

"Kamilu, mi ne ne wanga?"

"Baba, ɗigon suna ciki. An rufe su ne saboda darajarsu."

Malam ya ce, "Ashe masu ƙera waya sun san ladabi."

5. Karɓi sakamako

Nan take ya sa aka jawo adakar kakan, maƙil da takardu. "Tunda Allah ya hore maka, gama wanga, sai mu sa rana. Amma a buɗe akwatunan, ina son ganin ɗigon."

Yanzu Kamilu yana da kujerarsa ta kansa a shagon Oge. Kullum Adawiyya sai ta aiko: "Shafi nawa ya rage?"

Gargaɗi: ni yabo na ce za a yi maka, ban ambaci ɗaurin aure ba. Wanda furfura ta riske shi a bakin adaka, kada ya nemo gidanmu.